Hawa tsofaffin garuruwan kan tsauni: wane inji, don wa, kuma wa zai riƙe shi

Mutanen da suka kafa garuruwa a kan duwatsun Italiya ƙarnoni da dama da suka wuce tsira suka je nema. Mahara suna bin kwari, zazzaɓin cizon sauro yana cin mazauna fadama, don haka aka haye sama, aka kewaye gari da ganuwa, aka matse lunguna yadda jaki da kayansa ne kawai za su wuce. Wahalar hawan ita ce garkuwar garin. Yau babu mahara, an kawar da zazzaɓin, amma wahalar tana nan, kuma ita ce ke korar mutane. Matasa sun sauka bakin titi da tashar jirgin ƙasa, an bar tsofaffi da matakala. Shi ya sa gwamnatin Italiya, a shirin farfaɗo da tattalin arziki bayan annobar korona, ta ware kusan Yuro biliyan ɗaya don irin waɗannan garuruwa, ciki har da miliyan 420 da aka raba wa garuruwa 21, miliyan ashirin kowanne.

Kafin a yi maganar inji, sai an san wa zai hau. Akwai mazaunin garin, wanda galibi ya manyanta, yana buƙatar zuwa asibiti da kasuwa ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Akwai kaya: tukunyar gas, buhun siminti, shara da za a saukar, marar lafiya a kan gadon ɗauka, wani lokaci gawa. Akwai baƙi 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa dubbai a ranar hutu, su ɓace a tsakiyar mako. Akwai kuma mai keken guragu da makaho da uwa mai tura keken jariri. Injin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da saura ba, kuma yawancin ayyukan da suka ba da kunya an ƙera su ne da lissafin baƙi kaɗai, domin su ne ake iya ƙirgawa a takardar neman kuɗi.

Abin da ya fara zuwa ran kowa shi ne titi. A takarda ma titin yana da tsada. Titin dutse da babbar mota za ta bi cikin sanyi bai kamata ya wuce hawan mita 8 zuwa 10 a kowace mita 100 ba. Garin da ke sama da kwari da mita 700 zai buƙaci titi mai tsawon wajen kilomita tara yana lanƙwasa a jikin dutse, da katangun tare ƙasa da magudanan ruwa a kowace kwana. Idan an gama, motocin sun iso ƙofar garin da lungunansa ba su kai faɗin mita biyu ba, sai a nemi filin ajiye su, kuma fili ɗaya tilo da ake da shi shi ne dandalin da mutane suka zo gani. Saboda haka tsarin da ya yi nasara a Italiya da Suwizalan ya juya lissafin: a tsayar da mota a ƙasa, a ɗauki mutum zuwa sama.

Gangaren siminti irin wanda ake yi wa keken guragu shi ma yana da iyaka, kuma dokar Italiya ta 1989 ta fayyace ta. Gangaren kada ya wuce kashi 8 cikin 100, a bar wurin hutu mai faɗin mita ɗaya da rabi bayan kowace mita goma, kuma hawan da ya wuce mita 3.20 ba a ɗaukarsa a matsayin mai sauƙin bi idan da jerin gangare kaɗai aka yi shi. Ma'ana, gangare yana maganin matakala biyar na ƙofar coci, ba ya maganin tsauni. Daga nan sai inji.

Perugia, babban birnin yankin Umbria, ba ƙauye ba ne, amma a can aka gwada dabarar da ƙananan garuruwan yankin suka kwaikwaya. A 1983 aka buɗe matakala mai tafiya da kanta daga dandalin Partigiani, inda motocin haya ke tsayawa, zuwa dandalin Italia a tsakiyar tsohon gari. Abin da ya sa aikin ya yi suna shi ne inda aka bi da ita. A 1540 Paparoma Paul na Uku ya murƙushe tawayen mutanen Perugia kan harajin gishiri, ya sa aka gina katafaren sansani mai suna Rocca Paolina a kan gidajen dangin Baglioni, aka rufe unguwa guda da rufin bulo. Bayan haɗewar Italiya aka rushe saman sansanin, unguwar da aka binne ta zauna a ƙasa. Matakalar ta ratsa ta cikinta. Ba a taɓa fuskar garin ba, kuma mai zuwa aiki da safe yana wucewa ta titunan da suka shekara ɗaruruwa a cikin duhu. Spoleto ta bi wannan sawu da matakala da lifta da hanya mai tafiya da kanta a ƙarƙashin ƙasa, Assisi ma ta sa tata daga wuraren ajiye motoci.

Ƙarfin matakala mai tafiya shi ne ba a jira. Ana kafa ta a karkace na digiri 30, tana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, mai faɗin mita ɗaya tana kwashe wajen mutum 6,000 a awa. Hawan mita 50 yana ɗaukar minti uku da 'yan daƙiƙu. Rauninta biyu ne. Na farko, keken guragu ba ya hawanta, tsohon da ƙafarsa ke rawa ma tsoronta yake ji, don haka duk inda aka sa ta babu lifta a gefe, rabin aiki aka yi. Na biyu, an ƙirƙire ta ne don cikin gini. A waje, ganye da tsakuwa suna shiga tsakanin matakan, ruwan sama yana taruwa a ramin da injin yake, sarƙar da ke jan matakan tana tsatsa, robar da ake riƙewa tana tsagewa a rana. Dole a yi mata rufi, a sa famfon zuƙe ruwa a ramin, kuma a gina matakalar dutse a gefenta. Jerin matakala shida idan ta huɗu ta tsaya, wanda ba ya iya hawa da ƙafa ya maƙale a tsakiyar dutse, bai kai sama ba, bai koma ƙasa ba.

Lifta ce ke ɗaukar kowa, in dai an yi ta da girman da ya dace: ɗaki mai faɗin mita 1.10 da zurfin mita 1.40, mai ɗaukar kilo 630, wato keke ɗaya da mai rakiya. Wannan girman bai isa gadon marar lafiya ba, kuma garin da lifta ce hanyarsa ya kamata ya nemi mai zurfin fiye da mita biyu tun farko, domin faɗaɗa rami a cikin dutse daga baya kusan sabon aiki ne. Lifta a tsaye take tafiya, shi kuwa dutse a karkace yake, don haka ko dai a gina hasumiya a waje a haɗa ta da gari da gada, abin da hukumar kula da kayan tarihi ba ta cika yarda da shi ba, ko a haƙa hanya a kwance zuwa cikin dutsen sannan a huda rami zuwa sama. Na biyun ya fi kyau a ido, ya fi tsada, kuma yana da haɗarinsa. Garuruwa da yawa na tsakiyar Italiya suna zaune a kan dutse mai laushi na tokar aman wuta, cike da tsofaffin rijiyoyi da rumbunan giya da kaburburan mutanen da. Sai an yi hujin gwaji, an auna inda ruwa ke bi, an sa ma'aunin tsagewa a bangon gidajen da ke sama, kafin a fara haƙa. Inda aka tsallake wannan, ramin yakan zama sabuwar hanyar ruwa, bango ya fara buɗewa shekara biyu ko uku bayan an yanke zare.

Idan hawan ya wuce mita ɗari, ana komawa ga taragon igiya, wanda ke bin layin dogo a jikin gangare. Tsarinsa kamar guga biyu ne a igiya ɗaya a bakin rijiya: ɗaya na sauka, ɗaya na hawa, nauyin kowanne yana taimakon ɗan'uwansa, injin da ke sama yana biyan bambancin kawai. Na garin Orvieto, wanda aka buɗe a 1888, ko inji ba shi da shi da farko. Ana cika tankin taragon sama da ruwa har ya rinjayi na ƙasa, ya sauko yana jawo shi, a zubar da ruwan a ƙasa. An rufe shi a 1970, aka sake buɗe shi da lantarki a 1990. Tsawonsa mita 580, yana hawan mita 157 daga tashar jirgin ƙasa zuwa bakin garin. Layi ɗaya ne, taragon biyu suna kauce wa juna a tsakiya ba tare da wani makanikin sauya layi ba: ƙafafun gefe ɗaya na kowane tarago suna da leɓe biyu da ke rungume dogon waje, na ɗaya gefen kuma sumul suke, don haka kowanne yana bin hannunsa. Abin da ba ya motsi ba ya lalacewa, kuma wannan dabara ta ƙarni na 19 har yau ita ake amfani da ita.

Tsohon tarago yana da aibi guda ga mai keke. An yi cikinsa hawa-hawa daidai da karkatar dutsen, dandamalin tasha ma matakala ne. Ƙauyen Stoos a jihar Schwyz ta Suwizalan, mai mazauna kusan 150 a tsayin mita 1,300, ya magance wannan a layin da ya buɗe a Disambar 2017. Layin yana hawan mita 744 a tsawon mita 1,740, kuma a wurin da ya fi tsini yana hawan mita 110 a kowace mita 100, kusan digiri 48. Kowane jirgi yana da ɗakuna huɗu masu siffar ganga, kowanne na ɗaukar mutum 34, suna juyawa da kansu yadda daɓen zai zauna a kwance komai tsinin hawan. A tasha ɗakunan suna jeruwa a layi ɗaya, a tura keke a shiga ba tare da taka komai ba. Tafiyar minti huɗu ce. Kuɗinsa ya kai faran miliyan 52 na Suwizalan, kuma babu mai cewa mutum 150 ne za su biya shi. Masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara ne ke riƙe da layin, mazauna suna cin arziki. Ƙauyen da ba shi da irin wannan kasuwa kada ya kalli Stoos ya yi kwaɗayi.

Inda akwai kwazazzabo ko dutsen ya miƙe tsaye, motar igiya mai lilo a sama ce mafita, domin ƙasa kaɗan take taɓawa: tasha biyu da 'yan turaku. Ƙauyen Chamois a yankin Valle d'Aosta na Italiya, a tsayin mita 1,800 da ɗoriya, da ita yake rayuwa tun 1955, babu titin kwalta da ya kai shi. Iri biyu aka fi kafawa. Akwai mai ɗaki biyu masu kai da komo, inda ɗakin ke gudu a kan igiya mai kauri da ba ta motsi, wata siririya kuma tana jansa. Akwai kuma mai ƙananan ɗakuna da yawa a igiya ɗaya mai zagayawa, tana tafiyar mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa. A tasha matsin da ke riƙe ɗakin yana sakin igiyar, ɗakin ya rage gudu zuwa kamar tafiyar jariri, har a iya tsayar da shi don mai keke ya shiga. Na biyun yana kwashe mutum dubu biyu zuwa uku a awa, amma ƙauye mai mutum ɗari bai buƙatar wannan, kuma ƙaramin ɗakin ba ya cin firiji ko gadon marar lafiya. Ga mazauna, babban ɗaki mai kai da komo ya fi amfani.

Iska ce ke tsayar da ita. Mai igiya ɗaya ana dakatar da ita idan iska ta kai wajen kilomita 60 zuwa 70 a awa, masu igiya uku suna jure kusan 100, amma tsadarsu ta ninka. Tsawa ma tana tsayar da ita. Don haka kafin a ja layi, ana kafa ma'aunin iska a inda turaku za su tsaya, a bar shi ya yi aƙalla shekara guda, a ƙirga kwana nawa za a rufe. Dole a sami injin dizal na ko-ta-kwana da zai juya igiyar idan wuta ta ɗauke, da ƙungiyar ceto da ta yi atisaye, domin ƙa'idar Turai ita ce a sauke duk wanda ya maƙale cikin awa uku da rabi.

Igiyar ƙarfen ita ce rai. Wayoyi ne siriri masu yawa aka murɗe, kuma suna karyewa ɗaya-ɗaya daga ciki saboda lanƙwasa da miƙewa dubban sau a kan wili. Ido ba ya ganin wannan, sai an bi da igiyar ta cikin na'urar maganaɗisu da ke nuna inda wayoyi suka katse. Inda ake haɗa bakin igiya mai zagayawa, ana saƙa ta ne da hannu a tsawon da ya ninka kaurinta sau 1,200, wato igiya mai kaurin milimita 50 tana cin saƙar mita 60, kuma masu wannan sana'a kaɗan ne, daga nesa ake ɗauko su. Wuri mafi haɗari shi ne inda igiyar ja ke shiga kan ɗakin, a cikin wani mazubi da aka cika da narkakken ƙarfe. Na'urar maganaɗisu ba ta karanta wannan ɗan taƙi da kyau, danshi kuma yana son wurin. Sai an buɗe an duba da ido a kan lokaci, a kuma yanke a sake zubawa bayan 'yan shekaru.

A wannan wurin ne igiyar motar Mottarone, kusa da tafkin Maggiore a arewacin Italiya, ta tsinke ranar 23 ga Mayun 2021, ɗakin yana dab da shiga tashar sama. Masana da kotu ta naɗa sun gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na wayoyin sun riga sun karye saboda gajiya da tsatsa tun kafin ranar. Duk da haka bai kamata kowa ya mutu ba, domin ɗakin yana da birkin gaggawa da ke damƙe igiya mai kauri da zarar ta ja ta saki. An toshe birkin da wasu ƙarafa da ake sakawa lokacin gyara, saboda yana yawan kamawa da kansa yana tsayar da aiki. Ɗakin ya koma baya da gudu, ya bugi turke, ya faɗi. Mutum 14 suka rasu, yaro ɗaya ya tsira. An sake buɗe layin ne a 2016 bayan babban gyara, wato shekara biyar kacal. Birkin da ke damun ma'aikaci alama ce ta matsalar da ba a gano ba, kuma a ƙaramin kamfani mai dogaro da cinikin ranar Lahadi, matsin lambar a ci gaba da aiki yana da ƙarfi. Shi ya sa wanda ke da ikon tsayar da layi bai kamata ya zama wanda albashinsa ke rataye da tikitin ranar ba.

Labarin Monteviasco bai yi ƙara kamar wannan ba, amma ya fi kusa da batunmu. Ƙauye ne a lardin Varese na Italiya dab da iyakar Suwizalan, babu titi, sai hanyar alfadari mai matakala wajen 1,400 da motar igiya da aka kafa a 1989. A Nuwamban 2018 wani ma'aikaci ya rasu yana aikin gyara, hukuma ta rufe layin, kuma ya shafe shekaru a rufe tsakanin bincike da neman kuɗin gyara da neman wanda zai karɓi ragamarsa. Tsirarun mazaunan suka koma matakala, ana hau musu da abinci da magani a baya. A shekaru talatin ɗin da igiya ke aiki mazauna sun tsufa, rayuwar ƙauyen ta ginu a kan inji ɗaya. Duk yarjejeniyar kafa irin wannan layi ya kamata ta amsa tambayoyi uku a rubuce: wace hanya ce ta biyu, wa zai gyara ta, kuma daga wane asusu za a biya babban gyaran da doka ta wajabta bayan shekaru. Tallafin gwamnati yakan biya gini, ba ya biyan giris da boris da albashin mutum uku ko huɗu masu lasisi da dole su kasance a bakin aiki kullum.

Ko babban gari yana iya yin kuskuren lissafi. Perugia ta ƙara da Minimetrò a 2008, ƙananan taragu da igiya ke ja a tsawon kusan kilomita uku da tashoshi bakwai. Yana aiki, yana da kyau, amma fasinjojin ba su kai abin da aka yi hasashe ba, maƙwabtan layin sun koka da ƙara, gibin kuma ya koma kan asusun birnin.

Maganar kaya ba ta jan hankalin 'yan siyasa, ga shi kuwa a nan ake samun riba mai yawa da kuɗi kaɗan. A Cinque Terre, ƙauyuka biyar na gaɓar Liguria, gonakin inabi suna kan matakan da aka tare da katangun dutse marasa siminti. Da aka daina noma wasunsu, katangun suka fara zubewa, kuma ambaliyar 25 ga Oktoban 2011 da ta cika Vernazza da Monterosso da laka ta nuna abin da gangaren da aka yi watsi da shi ke iya yi. Abin da ya riƙe manoman da suka rage shi ne ɗan jirgi mai dogo ɗaya: bututun ƙarfe mai haƙora a ƙasansa, a ɗore a kan sanduna da aka kafa a ƙasa, ƙaramin inji yana hawa da akwatunan inabi da duwatsun gyaran katanga har a gangaren digiri 45. Ba ya buƙatar kankare, ana iya kwance shi a mayar wani wuri. A ƙauyukan Nepal an je ƙasa da haka a tsada, da igiyar kaya da ba ta shan wuta ko mai: kwando mai kilo 120 na tumatir ko kabeji yana sauka, ya jawo mai kilo 40 na gishiri da shinkafa zuwa sama, mutum ɗaya yana riƙe da birkin katako a tashar ƙasa. Sharaɗin shi ne nauyin mai sauka ya ninka na mai hawa sau uku, kuma kada a kuskura a ɗora mutum.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan an fito daga tashar sama, wanda shi aka fi mantawa. Mai keke ya iso cikin minti huɗu, sai ya tarar da daɓen duwatsu masu ƙusumbi da ƙafar gaban kekensa ke maƙalewa a ciki. Maganin da hukumomin tarihi suka fi amincewa da shi shi ne a cire layi guda mai faɗin santimita 90 zuwa mita ɗaya da rabi, a shimfiɗa fale-falen dutse irin na yankin da aka sassaƙe sumul, tazarar tsakaninsu ƙasa da milimita 5, karkatar gefe kada ta wuce kashi 1 cikin 100, dokin ƙofa kada ya wuce santimita biyu da rabi. A sa abin riƙewa a tsayin santimita 90 zuwa 100, da benci a inda numfashi ke ƙarewa, da banɗaki ɗaya da keke zai iya juyawa a cikinsa. Duwatsun da aka cire a sa musu lamba a adana, yadda za a iya mayar da su. Lungunan da ba za su gyaru ba, akwai kujera mai taya ɗaya da aka ƙirƙira a Faransa, Joëlette, wadda mutum biyu ke riƙewa gaba da baya. Taswirar waya da ke faɗin gaskiya game da tsinin kowane lungu da yawan matakansa da ko lifta na aiki yau ta fi hoton garin mai juyawa da ake kallo a intanet amfani nesa ba kusa ba. Wannan na biyun talla ne, ba ya kai kowa ko'ina. Intanet mai ƙarfi kuwa tana rage yawan saukar da mazauni zai yi, musamman ganin likita da biyan kuɗaɗe.

Sauƙin hawa ba ya dawo da mazauna da kansa. Civita di Bagnoregio a yankin Lazio tana kan guntun dutse mai laushi da ke zaune a kan yumɓu, ruwa yana cin yumɓun, gefen garin yana zaftarewa. Gadar kankare ta masu tafiya da ƙafa mai tsawon kusan mita 300 da aka gina a 1965 ita ce hanyar shiga. Tun 2013 ake karɓar kuɗin shiga, daga Yuro ɗaya da rabi har ya kai biyar, baƙi suka kai dubban ɗaruruwa a shekara, ƙaramar hukumar ta sami kuɗi sosai. Masu kwana a garin duk shekara kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, gidajen sun zama masauki da gidajen abinci. A ƙasar Sin, ƙauyen Atulie'er na lardin Sichuan, inda yara ke hawan dutse mai tsayin mita 800 da tsanin itace da kurangar daji, ya sami tsanin ƙarfe mai matakai 2,556 a 2016. A Mayun 2020 aka kwashe iyalai 84 zuwa gidajen bene kusa da garin Zhaojue, tsanin ya zama abin kallon baƙi. Wanda ke son ƙauye ya ci gaba da zama ƙauye sai ya duba jadawali da farashi: motar farko ta tashi kafin lokacin makaranta, ta ƙarshe ta jira mai dawowa daga aikin dare, a sami mai tayar da ita da tsakar dare idan naƙuda ta kama mace, mazauni ya sami katin shekara mai rahusa da layinsa daban ranar cunkoso.

A Najeriya wurin da wannan lissafi ya shafa kai tsaye shi ne Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, kan duwatsun Mandara, wuri na farko a ƙasar da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1999. A can hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse zuwa fadar Hidi, wato sarkin Sukur, suna cikin abin da aka karrama, tare da gonakin matakai da wuraren narkar da tama, don haka zuba musu kankare ko fasa su da buldoza zai lalata abin da ake son a je gani. Motar igiya irin ta Obudu a Kuros Riba, mai tsawon kusan kilomita huɗu da aka buɗe a 2005, ta nuna ɗaya gefen, domin ta sha tsayawa na dogon lokaci. Abin da ya fi dacewa da ƙarfin wuri kamar Sukur shi ne na ƙasa-ƙasa: gyaran tsohuwar hanyar da magina na garin da dutsen garin, magudanan da za su kawar da ruwan damina daga kanta, wuraren hutu, kujerar ɗaukar marar lafiya da mutanen da aka horar, da igiyar kaya da maƙerin Madagali ko Mubi zai iya yi wa walda idan ta samu matsala.